MATA A GIDAN YARIN GOMBE: ƊAURI ƊAYA, HORO BIYU

Daga Wakilinmu a Gombe

Duk wanda ya san garin Gombe ya san gidan yarinsa, domin kuwa a cikin tsohon gari yake, ba nisa da fadar Mai Martaba Sarki. An gina shi tun 1919, watau shekarar da Turawan mulki suka taso da hedkwatar masarauta daga Nafaɗa suka kawo ta inda take a yau. Ashe ke nan tsaran garin ne. Garin ya yi ta bunƙasa, auduga da gyaɗa suka kawo masa arziki, jirgin ƙasa ya iso, daga bisani ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Shi kuwa gidan yari yana nan daram inda aka kafa shi, gidaje da shaguna sun yi masa zobe.

Abin da jama'a ba su cika tunawa da shi ba, in sun bi ta gindin wannan katanga, shi ne cewa a wani sashe na gidan akwai mata. Jihar Gombe ba ta da gidan yari na mata zalla, saboda haka macen da kotu ta ɗaure, ko ta ce a tsare ta kafin shari'a, sai a kai ta ɓangaren da aka keɓe a cikin gidan da aka gina domin maza. Ba Gombe kaɗai ba ce, haka abin yake a kusan kowace jiha. Gidajen mata zalla da aka sani a ƙasar nan su ne na Kirikiri a Legas, da na garin Ondo, da kuma na Numan a Jihar Adamawa.

A 2024 yawan fursunonin Nijeriya ya kai wajen 80,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku daga cikinsu masu jiran shari'a ne, ba a riga an same su da laifi ba. Mata kuwa ba su wuce biyu cikin kowane ɗari ba. Mai karatu zai ce ai wannan abin godiya ne, kuma gaskiyarsa. Amma fa ƙarancin nan nasu shi ne ya zama musu wata masifa ta dabam. Da yake su kaɗan ne, kome na gidan da ma'aunin maza aka auna shi, tun daga gini da abinci da magani har zuwa sana'o'in da ake koyarwa da filin shan iska. Mace sai ta samu ragowa.

ABIN DA DOKA TA CE

In don takarda ne, ba a bar mata a baya ba. A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar gidajen yari ta 1972. Ita ce ta sauya sunan hukumar, aka koma kiran gidajen nan gidajen gyaran hali, ko da yake har gobe gidan yari ake ce musu a kasuwa da tashar mota. Sashe na 34 na dokar a kan mata ya yi magana. Ya ce lalle a samar musu wuri nasu dabam a kowace jiha. Ya ce a kula da lafiya da abincin masu ciki da masu goyo da jariransu, a tanadi ɗakin renon yara, da awon ciki, da kayan tsabta irin na mata. Ya ce a yi wa kowace mace gwajin ciki ranar da aka kawo ta, in ya yi jinkiri kada ya wuce kwana 14. Idan kuwa ta samu ciki alhali tana tsare, to, a yi bincike har a gano wanda ya aikata, a gurfanar da shi.

Wannan sashe bai faɗo daga sama ba. Tun a watan Disamba na 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji 70 game da yadda za a riƙa mata fursunoni, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Bankok da sunan babban birnin ƙasar Tailan. Daga cikinsu akwai cewa a ajiye mace kusa da garinsu, mata ne kaɗai za su caje ta, kada a ɗaure ta da mari lokacin naƙuda, kana in mai ciki ce ko mai ƙananan yara, alƙali ya fara neman wani horon da ba ɗauri ba muddin laifin ba mai tsanani ba ne. Har ila yau ƙa'idojin sun ce a lura da addinin mace da al'adar mutanenta wajen shirya mata kowane irin taimako, kuma a yi shawara da ita da jama'arta kafin a shirya.

To, wannan batu na ƙarshe shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana iya ƙidaya gadaje da buhunan shinkafa a rubuta a rahoto. Abin da ke cin zuciyar macen da aka raba da danginta ba ya shiga rahoto.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata mace ce daga ƙauye, faɗa ya haɗa ta da kishiyarta, aka yi rauni, aka kai ta kotu tana da tsohon ciki, ba ta samu mai tsaya mata beli ba. Da a gida take, in haihuwar fari ce, da tuni ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Da akwai ungozoma, da gwaggo ko kaka mai dafa mata ruwan wanka har kwana 40, da mai dama mata kunu. Ran kwana bakwai a taru a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski, mata su yi wuni. Waɗannan abubuwa ba shagali ba ne kurum. Da su ne jama'a ke shaida cewa yaron nan ɗa ne mai uba da dangi, uwarsa kuma mace ce mai mutunci. Yaron da aka haifa a tsare, ba liman, ba taro, ba goro, tun ran farko an bar ƙofa a buɗe ga mai son goranta masa in ya girma.

Ga kuma zancen yaye. Tsohuwar ƙa'idar gidajen yari ta yarda jariri ya zauna da uwarsa muddin yana shan nono kuma bai kai wata 18 ba. A shari'ar Musulunci kuwa cikar shayarwa shekara biyu ce, kuma mata da yawa a ƙasar nan sai yaro ya doshi haka suke yaye shi. Wata shida ne tsakani, amma ga uwar da za a karɓi ɗanta a miƙa wa dangin mijin da ƙila su ne suka kai ta ƙara, wata shidan nan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan wadda mijinta ya rasu tana tsare: wa zai zaunar da ita ya yi mata bayanin takaba ta wata huɗu da kwana goma? Wa zai tsaya mata a wajen rabon gado? Wadda aka aiko wa takardar saki fa, wanda shi ne abin da ke samun mata da dama da zarar an ji sun shiga gidan yari, wa zai gaya mata haƙƙinta na ciyarwa da riƙon 'ya'ya?

Namiji in ya yi zaman gidan yari ya fito, matarsa na jiransa, abokai su ce ƙaddara ce ta maza. Mace kuwa sau biyu ake yi mata hukunci, na alƙali ya ƙare, na gari ya soma. Ga Bafulatanar ruga, wadda aka rene ta a kan cewa kunya ita ce ƙashin bayan pulaaku, tsayawa gaban baƙi a yi mata tambaya a kan sirrin ɗakinta ma horo ne tun kafin a yanke hukunci. Sau da yawa shirun da take yi kunya ce, amma sai a ɗauka taurin kai ne, ko amsa laifi. Kada kuma a manta Jihar Gombe ba ta harshe ɗaya ba ce. Akwai Fulani, da Tangale, da Waja, da Tera, da Bolewa, da Tula, da Cham, da sauransu. Hausar ciniki dabam, Hausar kare kai gaban shari'a dabam, balle Ingilishi. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma 'yancin samun tafinta kyauta, sai dai wanda bai san da haƙƙi ba ba ya nemansa.

YADDA AKA YI A KANADA

Akwai wata ƙasa da ta yi gwaji a kan wannan al'amari wanda ya kamata mu leƙa. A Kanada, 'yan asalin ƙasar, watau mutanen da Turawa suka tarar, ba su wuce biyar cikin ɗari na jama'a ba. Amma a 2022 mai binciken gidajen yarin ƙasar ya ba da sanarwar cewa matansu sun kai rabin dukkan matan da ke gidajen yarin tarayya. Dalilan suna da tsawo: ƙwace musu ƙasa, da talauci, da makarantun kwana inda aka shekara fiye da ɗari ana raba 'ya'yansu da iyaye da harshe.

A 1990 wani kwamiti da ya haɗa da matan 'yan asalin ya ba gwamnati shawarar a rufe tsohon gidan yarin mata na garin Kingston, wanda a lokacin shi kaɗai ne na tarayya, ana kwaso mata daga wurare masu nisan dubban kilomita ana tarawa. An rufe shi a 2000. Kafin nan, a 1995, aka buɗe wani gida mai suna Okimaw Ohci a ƙasar mutanen Nekaneet da ke lardin Saskacewan. Suna kiransa gidan warkarwa. Babu doguwar katanga, matan suna zaune a ƙananan gidaje suna dafa abincinsu, dattawan kabila suna tare da su suna koya musu harshe da tarihi da ibadarsu ta gargajiya, ana kuma barin uwa ta zauna da ƙaramin ɗanta. Shugabar gidan ma ba a kiranta da laƙabin hukuma. Kikawinaw ake ce mata, ma'ana uwarmu a harshen Kiri.

Kada dai a zaci an gano maganin kome. Gidan na mutum 60 ne kacal, ba ya karɓar waɗanda aka ce masu haɗari ne ƙwarai, kuma shekaru 30 bayan buɗe shi yawan matan 'yan asalin da ke ɗaure ƙaruwa ya yi. Masu suka suna cewa hukuma ta ɗauki al'ada ta yi ado da ita, ta riƙe iko a hannunta. Wannan suka tana da ƙarfi. Duk da haka sun tabbatar da abu guda, cewa ana iya tsare mace ba tare da an tuɓe mata asalinta a bakin ƙofa ba.

Halinmu ba ɗaya ba ne da nasu, domin mu a nan da mai ɗaurin da wadda aka ɗaure duk 'yan ƙasa ne. Amma tsarin gidan yarin da muke bi baƙo ne. Har zuwa 1968 gidajen yarin Arewa mafi yawa a hannun En'e suke, ƙarƙashin Sarki da Yari da dogarai, kana Gwamnatin Tarayya ta karɓe su a ranar 1 ga Afrilu na shekarar. Ba wanda ya san tarihi da zai yi kewar wancan zamani: akwai mari, akwai bulala, kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a cikinsu. Sai dai da aka ɗauke su aka kai Legas, daga baya Abuja, sai aka yanke igiyar da ta haɗa gidan da garin da yake ciki. Gandiroba ana iya turo shi daga kowace kusurwa ta ƙasa, umarni daga sama yake zuwa, mai unguwa da liman da fasto sun koma 'yan ziyara masu neman izni.

NAMU NA GIDA

Abin mamaki shi ne ba mu da bukatar aron dabara daga Kanada. Kusan shekaru 200 da suka wuce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci irin wannan matsala: mata masu yawa a ƙauyuka, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da danginsu, ba sa iya zuwa inda ilimi yake. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da rawani alamar izni, ta koya musu karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde masu sauƙin haddacewa, su kuma suka kai wa mata har inda suke. Ba karatu kaɗai suke kaiwa ba. Suna duba marasa lafiya, suna wankan gawa, suna sasanta rigima.

Macen da ke bayan katangar Gombe ita ce ainihin wadda ba ta iya zuwa inda ilimi yake. Magadan jajin kuwa suna nan. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana da rassa a jihohin ƙasar nan, ga makarantun Islamiyya na matan aure cike da malamai mata a Bolari da Pantami da Jekadafari da Tudun Wada. A ɓangaren Kirista ga Zumuntar Mata, wadda duk wanda ya san Kaltungo da Billiri ya san ƙarfinta wajen ziyarar marasa lafiya da masu makoki. Ƙungiyoyin addini sukan kai sabulu da atamfa da abinci gidajen yari da azumi ko da Kirsimeti, Allah ya saka musu. Amma a ganina kyautar shekara-shekara, da ɗaukar hoto a bakin ƙofa, ba ita ce bukata ba. Bukata ita ce a samu dattijuwa sananniya, mai jin harshen matar, wadda hukuma ta ba izni a rubuce ta shiga kowane mako, ta san kowace mace da sunanta da garinsu, ta zama ita ce ƙafarta zuwa ga dangi. Ita za ta je ta shawo kan uba ya zo ya ga 'yarsa. Ita za ta tsaya a yi suna yadda ya kamata, ko da da ɗan dabino da goro ne. Ita za ta san inda aka kai yaron da aka yaye.

Akwai kuma wata tsohuwar hanya da ta fi wannan, watau a hana macen shiga tun farko. A da, in rigimar aure ko ta gida ta yi tsanani, akan ajiye mace gidan mai unguwa ko dagaci, cikin iyalinsa, har a gama magana. Dokar 2019 ta buɗe ƙofa ga irin wannan, domin kashi na biyu nata gaba ɗaya a kan horon da ba ɗauri ba ne: aikin gayya ga al'umma, da ɗaurin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Dokar Tafiyar da Shari'ar Masu Laifi ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta hana a kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma ce ba za a ƙi mace ta tsaya wa wani beli don tana mace ba. Waɗannan abubuwa uku mata suka fi shafa. Wa ake samu a gida in an zo neman miji ko ɗa ba a same shi ba? Wa ke shiga rikicin adashe da bashin atamfa?

Ba zan ɓoye ba, al'ada ma tana da nata ƙaya. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna dangantaka tsakanin ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Saboda haka in za a kai jego gidan yari, da ungozomar asibiti za a kai shi, a ɗauki mai amfani a bar mai cutarwa. Sulhu ma haka. Sau nawa aka taru aka ce wa mace ta yi haƙuri, aka maida ta ɗakin da ake dukanta, har abin ya ƙare a kotu da jini? Daga cikin matan da ke ɗaure kan manyan laifuka a Arewa akwai waɗanda auren dole ne ya kai su. Zaman sulhun da maza zalla suka yi, mace tana durƙushe kanta a ƙasa, ba gyara ba ne. Dole a samu mace mai faɗa a ji a zauren, da lauya daga Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali, ko daga ƙungiyar lauyoyi mata.

Batun sana'a ba ya bukatar dogon bayani. Ana son koya wa mata ɗinkin keke da haɗa sabulu, ba laifi. Amma wadda za ta koma ƙauyen da ba ta da kuɗin keke, gara a ƙarfafa mata abin da ta iya kuma take da kasuwarsa: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, ɗinkin hula, saƙar faifai, kitso da lalle, kiwon akuya. A sayar da abin da ta yi, a ajiye mata kuɗinta da sunanta.

WA ZAI ƊAU NAUYI?

Shekara da shekaru gwamnatocin jihohi suna fakewa da cewa gidan yari na Tarayya ne, alhali kuwa mafi yawan waɗanda ke ciki dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kotunan jiha ne kuma suka tura su. Wannan mafaka ta rushe a watan Maris na 2023, sa'ad da aka gyara Tsarin Mulki aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Yau Majalisar Dokokin Jihar Gombe tana da ikon yin doka ta kafa ƙaramin gida na mata, mai tsakar gida da madafa da ɗakin jego da wurin ibada ga Musulma da Kirista. Da yake matan ba su da yawa, kuɗin ba zai taka kara ya karya ba. Kwashe su a kai Numan, tafiyar wajen kilomita 200, ba mafita ba ce, domin tsohuwar da ke fama da kuɗin mota daga Dukku ko Nafaɗa zuwa Gombe ba za ta iya zuwa Adamawa ba.

Kafin a kai ga gini akwai abin da ba ya bukatar bulo ko ɗaya. Wata doka ta 1977 ta ba Babban Jojin jiha ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda ya yi zaman jira fiye da ɗaurin da za a yi masa in da an same shi da laifi. A watan Nuwamba na 2023 kuma Ma'aikatar Cikin Gida ta tara Naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni domin biyan tarar fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa, abin da ya nuna dubban mutane talauci ne kurum ya zaunar da su. In za a yi irin wannan zagaye a Gombe, sashen mata ya kamata a fara shiga, a fara da masu ciki da masu goyo.

Sa'an nan a shirya ranar fita tun da sauran wata guda. A aika wa mai unguwarsu, a san gidan da za ta sauka, a san ko aurenta yana nan ko ya mutu, a san inda 'ya'yanta suke. Ranar da za a buɗe mata ƙofa a ba ta kuɗin sana'arta da kuɗin mota, dattijuwar da ta saba ziyartarta ta raka ta har zauren gidansu, ta yi sallama, ta miƙa ta hannun iyayenta a gaban shaidu.